Kafin Ki Saya Wa 'Yarki Kwamfutar Jami'a, Ki Koyi Karanta Lambar

Maganar da na zo da ita yau ta kwamfuta ce, irin ta tafi-da-gidanka wadda yara ke kira laftof. Na san wata tana ganin haka za ta ce wannan ai zancen maza ne da 'yan boko, ta nemi juya shafi. Don Allah uwargida ki dakata, domin sau da yawa kuɗin da ake sayen na'urar nan daga ƙullin zanenki yake fitowa, kuma in an yi asara ke ce mai kwana da ita.

A ƙarshen shekarar 2024 wata baiwar Allah cikin matan auren da nake koyarwa da yamma a nan Birnin Kebbi ta tsaya bayan an tashi, ta ce da ni, "Malama, don Allah in kin sami sarari ki leƙo gida ki duba mana na'urar yarinyar nan, ta hana mu sukuni." Mijinta ya rasu, sana'arta shinkafa ce: ta sayo shanshera, ta turara, ta shanya, a kai inji a cashe, ta auna ta sayar. 'Yarta ta fari ta sami gurbin karatu a jami'a, aka ce mata lallai sai da kwamfuta. Ta kwashe adashinta na wata goma, ta haɗa da kuɗin tumaki biyu, ta ba wani ɗan uwansu ya je ya sayo. Ya dawo yana murna, wai ya samo mai ƙarfi, Core i7, wadda ta fi ta kowa.

Da na je sai na tarar da kwamfuta mai kyan gani, ga sitika tana ƙyalli an rubuta i7 ɗin kuwa. Amma in an kunna ta sai ka ɗora ruwan shayi ya kusa tafasa kafin ta gama buɗewa, batirin ba ya kai rabin awa, ƙasanta kuwa zafi kamar tanda. Na buɗe wurin da take bayyana kanta, sai ga cikakken sunan: i7-2620M. Wannan ƙirar shekarar 2011 ce, lokacin yarinyar tana 'yar shekara biyar. Mai shago bai yi ƙarya ba da ya ce i7 ce, sai dai ya faɗi rabin magana ya haɗiye rabi, shi kuma mai saye bai san akwai sauran rabin ba. Ni ba injiniya ba ce, ɗan abin da na sani daga kwas ɗin kwamfuta na kwaleji ne da shekarun da na yi ina buga takardun jarrabawar makarantarmu. Amma wannan rabin maganar da ake haɗiyewa ba ta da wuyar koyo, ita nake so in ba ki yau.

Mene ne firosesa?

Ki ɗauki kwamfuta kamar madafinki ranar biki. Akwai rumbu inda hatsi yake a ajiye, akwai tabarmar da ake baza kayan miya a kai lokacin da ake aiki, sa'annan akwai murhu inda ainihin girkin ke gudana. Rumbun shi ne ma'ajiyar kwamfuta, inda takardu da hotuna da manhajoji ke kwana. Tabarmar ita ce abin da ake kira RAM, wato filin da ake baza aikin da ake ciki yanzu. Murhun kuwa shi ne firosesa, wani ɗan ƙaramin abu da bai wuce faɗin akwatin ashana ba, wanda duk wani lissafi da kwamfuta ke yi a cikinsa ake yin sa. Shi ya sa wasu ke kiran sa ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Firosesa ɗaya yakan ƙunshi murhu fiye da ɗaya, a takarda za ki ga an rubuta cores. Mai murhu biyu da mai murhu huɗu ba ɗaya suke ba, kamar yadda kika sani in tuwo da miya da shinkafa da nama duk suna jiran wuta. Haka ɗaliba take: ta buɗe Word tana rubutu, ga intanet da shafuka goma, ga littafin PDF, ga laccar bidiyo tana sauka, kowanne yana neman nasa murhun.

Abin da ya sa na ce a fi kula da firosesa shi ne, a kusan duk kwamfutocin tafi-da-gidanka na shekarun nan a liƙe yake da jikin allon na'urar, ba a cire shi a sa wani. Rumbu ana iya canzawa, tabarma ma a mafi yawansu ana iya ƙarawa, batir ana sayen sabo. Murhun da kika saya kuwa da shi za a zauna har ranar da yarinya za ta karɓi takardar kammalawa, shekara huɗu ko biyar.

Sunan gida da shekarar haihuwa

Kamfanoni biyu ne ke ƙera mafi yawan firosesan da ke cikin kwamfutocin kasuwarmu, Intel da AMD, dukkansu na Amurka. HP da Dell da Lenovo da kike gani a bayan murfi su jiki suke haɗawa, su sayo firosesa daga waɗancan su saka. Don haka cewa "HP ce" bai gaya miki komai ba tukuna.

Intel ya fara fitar da Core i7 a 2008, Core i5 a 2009, Core i3 a 2010, kuma ya ci gaba da amfani da waɗannan sunaye shekara da shekaru. Ashe ke nan i7 sunan gida ne kawai, kamar a ce miki 'yar gidan wane ce. A gida ɗaya akwai kaka, akwai uwa, akwai jika, duk sunansu ɗaya. Kusan kowace shekara kamfanin yakan yi sabon zubi, masu shago suna cewa jenareshan, kuma lambar da ke bin sunan ita ke gaya miki zubi na nawa ne.

Ga yadda ake karantawa. In kin ga i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin nan, wato 8, ita ce zubin: na takwas ke nan, wanda ya fara fitowa a 2017. In kin ga i5-6300U, zubi na shida ne, na 2015. In kin ga i5-4300U, na huɗu ne, na 2013. Ta yarinyar can, i7-2620M, zubi na biyu. In kuwa lambar guda uku ce kacal, kamar i5-520M, to kakar gidan ce, zubin farko na 2010. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa tare: i5-10210U da i5-1035G1 na goma ne, na 2019, i5-1135G7 na sha ɗaya ne, na 2020, i5-1235U na sha biyu ne, na 2022. Kada ki ga 1 a gaba ki ɗauka zubin farko ne. A ƙarshen 2023 kuma Intel ya fito da sabon suna, Core Ultra, amma waɗannan tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin ɗalibanmu, kuma ba dole ba ne.

To, ga inda ake cin kuɗin mutane. A tsakanin 'yan zubi ɗaya galibi i7 ta fi i5, i5 ta fi i3. Da zarar zubi ya bambanta, lissafin ya rushe. Misali, i7-7500U ta zubi na bakwai murhu biyu gare ta, amma i5-8250U wadda ta biyo bayanta da shekara ɗaya murhu huɗu gare ta, kuma ta fi ta aiki nesa ba kusa ba. Haka i3-1215U ta 2022, wadda mai shago zai iya raina miki ita ya ce "ai i3 ce kawai", murhu shida gare ta, ta bar waccan i7 ɗin a baya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Wani abin da ake ruɗa mai saye da shi shi ne GHz, wato saurin bugun firosesa. Za a ce miki wannan 2.7 ce waccan kuwa 1.6 ce kawai. Waccan tsohuwar i7-2620M ɗin 2.7 aka rubuta mata, ita kuma i5-8250U 1.6, alhali ta biyun ce gaba, domin sabon zubi yana gama aiki mai yawa a kowane bugu, kuma yana ƙara sauri da kansa in aiki ya yi nauyi. Wannan lamba tana da amfani ne kawai in kina gwada 'yan zubi ɗaya.

Harafin ƙarshe, da zafin garinmu

Bayan lambar akwai harafi, shi ma yana da magana. U na nufin firosesa mai tattalin wuta, wanda aka tsara a kan kimanin wat 15. H na nufin mai ƙarfi, mai cin kimanin wat 45, irin na masu zanen gine-gine da masu wasannin kwamfuta. M kuwa a tsofaffin zubi ake ganin sa, daga na huɗu zuwa ƙasa, yawancinsu wat 35 ko sama da haka suke ci.

Wannan ya shafe mu ƙwarai a nan. Duk wadda ta yi watan Afrilu a Birnin Kebbi ko Argungu ta san zafi yakan haura digiri 40, kuma ta san wutar lantarki ba ta da alƙawari. Firosesa mai cin wuta da yawa yana shanye batir da wuri, yana kuma fitar da zafi mai yawa. In zafinsa ya doshi digiri 100 sai ya rage saurinsa da kansa don kada ya ƙone, sai ki ga kwamfutar da aka saya da sunan ƙarfi tana jan ƙafa da tsakar rana. Saboda haka ga ɗalibar da za ta yini tsakanin ɗakin lacca da ɗakin karatu tana neman inda za ta soka caja, mai harafin U ta fi dacewa da ita.

Ki kuma ja mata kunne kada ta riƙa ɗora ta a kan katifa ko matashi, domin kafofin shan iskarta a ƙasa da gefe suke. Tire ko faifai ma ya isa a ɗora ta a kai. Bayan hunturu kuma a kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya share ƙurar da ta taru a fankarta.

Sauran sunayen da za ki ji a shago

Na AMD masu kyau sunansu Ryzen, su ma akwai Ryzen 3 da 5 da 7. Mutanenmu da yawa suna gudun su saboda tsofaffin AMD masu suna E1 da E2 da A4 da A6 sun bar mummunan tarihi na rauni, amma Ryzen dabam ne. Ryzen 5 3500U na 2019 murhu huɗu gare shi, Ryzen 5 4500U na 2020 da Ryzen 5 5500U na 2021 kuwa shida-shida. Tun da ana gudun su, wani lokaci a kan same su da sauƙin kuɗi fiye da takwarorinsu na Intel, kuma ba su gaza su ba a aikin ɗalibi.

Sai Celeron da Pentium. A nan ne tarkon ya fi kyan gani, domin sau da yawa kwamfutar sabuwa ce dal a kwalinta, siririya, mai launi, ga araha. A ciki kuwa za ki tarar da irin su Celeron N4020 mai ƙananan murhu biyu, da RAM 4, da ma'ajiya 64 ko ma 32 wadda Windows kaɗai ta kusa cinyewa, kuma a yawancinsu ba a iya ƙara RAM ɗin. Daga 2023 Intel ya daina sa waɗannan sunaye a sababbin na tafi-da-gidanka, ya koma cewa Intel Processor, kamar N100, wanda ya fi magabatansa amma har yanzu na ƙaramin aiki ne. Tsohuwar i5 ta zubi na takwas mai lafiya ta fi sabuwar Celeron amfani ga ɗaliba. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma Chromebook, waɗanda ake shigowa da su da yawa na hannu, farashinsu ƙasa ƙwarai. Ba Windows suke amfani da ita ba, kuma manhajojin da malamai za su ce a saka, irin su SPSS da AutoCAD, ba sa hawa kansu yadda aka saba. Sai MacBook na kamfanin Apple, wanda tun 2020 yake ƙera nasa firosesan, M1 da ƙannensa. Suna da sauri da riƙon caji sosai, amma ga tsada, ga wuyar kayan gyara a wajenmu, kuma wasu manhajojin injiniyoyi kamar Revit na Windows ne kaɗai.

Layin da bai kamata a sauka ƙasa da shi ba

In kin ce duk wannan ya yi miki yawa, to ki riƙe abu ɗaya: zubi na takwas zuwa sama a Intel, ko Ryzen mai lamba 3000 zuwa sama a AMD. Dalili kuwa shi ne, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 da ta fito a 2021 ba ta amince a hukumance da kusan duk firosesan Intel da ke ƙasa da zubi na takwas ba. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a kan tsofaffi, kuma za ki ga ta hau, amma kamfanin bai ɗauki alƙawarin ci gaba da aiko mata da gyare-gyaren tsaro ba. Don haka ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta a shago ba shaida ba ce cewa sabuwa ce. Lambar dai ita ce shaida.

Cikin na hannu da suka cika kasuwa, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su, akwai HP EliteBook 840 G5, da Lenovo ThinkPad T480, da Dell Latitude 5490, dukkansu na 2018, masu ƙwarin jiki, kuma ana ƙara musu RAM. Sai dai ko su ɗin an yi wasu da firosesan zubi na bakwai, kamar i5-7300U. Jiki ɗaya, suna ɗaya, ciki dabam. Ki sa a duba.

Wane karatu za ta yi?

Yanzu Jihar Kebbi ba ta rasa manyan makarantu ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006 wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ban da yaranmu da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kowane kwas da irin nauyin da yake ɗora wa kwamfuta, don haka daidai ruwa daidai tsaki.

Mai karanta ilimin koyarwa, ko shari'a, ko Larabci, ko Hausa, ko tarihi, ko aikin jinya, aikinta rubutu ne da karatu da PowerPoint da binciken intanet. Core i5 ta zubi na takwas, ko i3 ta zubi na goma zuwa sama, ko Ryzen 3 ko 5, ta ishe ta har furojet ɗin ƙarshe. Mai karanta lissafi, ko tattalin arziki, ko akanta, ko kimiyyar halittu, wadda za ta yi aiki da Excel da SPSS, ita ma wannan i5 ɗin ta wadatar. Mai karanta ilimin kwamfuta ta nemi murhu huɗu zuwa sama, kuma in da hali RAM 16. Wadda ke da buƙata ta musamman ita ce mai zanen gine-gine ko injiniya, domin zane mai siffa uku yana son firosesa mai harafin H da kuma wani sashe na dabam mai kula da hoto, irin na kamfanin NVIDIA. Ko ita ma ba lallai ne a shekarar farko ba, tun da darussan share fage ake yi. Ta shiga tukuna, ta tambayi 'yan aji uku da aji huɗu na sashenta abin da suke amfani da shi. Matambayi ba ya ɓata.

Kada a manta da tabarma da rumbu

Murhu huɗu ba zai yi miki amfani ba in tabarmar baza kaya 'yar mitsitsiya ce. RAM 8 shi ne mafi ƙaranci a yau, 4 wahala ce. Ki tambaya ko ana iya ƙarawa nan gaba, domin a wasu sirara a liƙe yake.

Rumbu kuma iri biyu ne. Akwai tsohon yayi, HDD, mai faifai yana juyawa a ciki, ga jinkiri, ga saurin lalacewa in kwamfuta ta faɗi ko ta sha jijjiga a bayan kabu-kabu. Akwai SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, ya ninka wancan sauri sau da yawa. Mai shago zai ce miki wannan 500 ce ko 1000, waccan kuwa 256 ce kawai. In babbar HDD ce ƙaramar kuma SSD, ɗauki ƙaramar. Takardun karatun shekara huɗu ba za su cika 256 ba, finafinai ne ke cika kwamfuta.

Ranar saye

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin kayan nan ya tashi, kuma yana bin dala ne, don haka ba zan ba ki farashi ba. Ki sa a tambayi shago uku ko huɗu, a nan gida ko a Sakkwato ko Kano, amma a riƙa tambaya da cikakkiyar lamba, domin a gwada abu da irinsa. Ko ke za ki je, ko maigida, ko yayanta, yarinyar ta bi su, kuma a tafi da waɗannan a rubuce.

Na farko, kada a yarda da sitika, ana sayar da ita ana liƙawa. A kunna kwamfutar, a danna Ctrl da Shift da Esc lokaci ɗaya, wani shafi mai suna Task Manager zai buɗe. A shiga Performance, a taɓa CPU, cikakken sunan firosesa zai fito a sama, yawan murhunsa a ƙasa. A nan gefe kuma za a ga Memory, wato RAM, da Disk, inda yakan nuna SSD ne ko HDD.

Na biyu, batir. A cire caja a bar ta tana nuna bidiyo na minti ashirin ko talatin, a ga kashi nawa ya sauka. In akwai wanda ya iya, ya buɗe Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport, kwamfutar za ta fitar da rahoton abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. In ya koma rabi, a rage kuɗin sabon batir daga ciniki.

Na uku, a buɗe Word a danna kowane harafi, a gwada kowace kafar filas, da kyamara, da lasifika, da kama intanet. A duba maƙallan murfi ko sun yi sako-sako, a sa farin shafi a duba fuskar ko akwai tabo ko layi. A tabbatar babu wata kalmar sirri da ta kulle ta tun daga kunnawa, kuma ba ta neman a shiga da sunan wani kamfani ko makarantar waje. A karɓi caja ta asali.

Na huɗu, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi, rasit. A rubuta sunan shago, da lambar jikin kwamfutar da ke ƙasanta, da cikakken sunan firosesa, da RAM, da ma'ajiya, da kwanakin da aka amince za a iya dawo da ita in aibi ya bayyana. Wannan takarda ita ce kariyarki in an sami matsala, ita ce kuma shaidarki in wata rana aka ce kayan sata ne. Mai gaskiya ba ya ƙin rubutawa. Wanda ya fara cewa "Haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne?" ki yi masa godiya ki ƙara gaba.

Yadda ta ƙare

Na san za ki so jin yadda muka ƙare da baiwar Allahn nan. Babu rasit, kuma an riga an yi sati uku, don haka mai shago ya ce ba ya karɓa. Abin da muka iya shi ne muka sa aka cire tsohon faifan aka saka SSD, aka ƙara RAM ya kai 8, aka sayi batir. Ta farfaɗo, tana buɗewa da wuri, yarinya tana buga aikinta. Amma kuɗin da aka ƙara, in an haɗa da na farko, da ya isa a sayi 'yar zubi na takwas tun asali, kuma wannan ɗin ko ba jima ko ba daɗe sai an sake ta. Ranar da na mayar musu da ita uwar ta ce, "Malama, da na san tambaya ɗaya ce, ai da ban bari an tafi ba sai da ita." Na ce mata ba laifinta ba ne, babu wanda ya taɓa gaya mata.

Ke kam yanzu an gaya miki. In an ce i5 ko i7, ki ce zubi na nawa? In an ce 500, ki ce SSD ko HDD? In an ce ki yarda, ki ce a rubuta. Ki yanke wannan shafi ki ajiye, ko ki ba maƙwabciyarki wadda ɗanta ko 'yarta ke jiran sakamakon JAMB, domin sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Allah Ya sanya albarka a karatun yaranmu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa iyayen da ke ɗawainiya da su da alheri.